Hazo, Jigawa da Fadama: Tasirin Bayanan Yanayi da Shimfiɗar Ƙasa a Kan Kintacen Saukar Ƙurar Nukiliya a Arewacin Zamfara

 

Na san akwai wanda, da ya ga kan wannan maƙala, zai tambayi kansa me ya haɗa Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi, garuruwan gero da dawa da shanu, da mas'alar bam ɗin nukiliya, alhali kuwa ba mu ƙera shi ba, ba mu da tashar lantarkinsa, kuma ba mu cikin masu husuma a kansa. Amsar wannan tambaya tana cikin tarihi, domin a safiyar Asabar, 13 ga Fabrairu 1960, wadda ta yi daidai da tsakiyar Sha'aban na shekarar 1379 ta Hijira, gwamnatin Faransa ta fasa bam ɗinta na farko a kan wata hasumiya mai tsawon mita 100, kusa da Reggane a cikin hamadar Aljeriya, bam ɗin da ƙarfinsa ya kai kimanin kiloton 70, watau fiye da ninki huɗu na wanda aka jefa wa Hiroshima. Tsakanin wannan wuri da Ƙaura Namoda, in an miƙe hanya sak, tafiyar kusan kilomita 1,700 ce, kuma lokacin da aka zaɓa tsakiyar hunturu ne, sa'ad da iskar hamada ke kwararowa ƙasar Hausa dare da rana. Manufata ita ce in nuna cewa lissafin da ake yi don kintacen inda irin wannan ƙura za ta sauka, komai ƙwarewar masu yinsa, ba ya wuce ingancin bayanan iska da na ƙasa da aka ba shi, kuma waɗannan bayanai game da yankinmu ƙalilan ne ƙwarai.

Abin da lissafin ke buƙata

Idan bam ya fashe kusa da ƙasa, wutarsa takan narkar da yashi da duwatsu, ta tashi da su sama cikin gajimare, inda sinadarai masu fitar da turiri mai cutarwa ke manne musu. Daga nan kuma sai su fara dawowa ƙasa, kowace ƙwaya gwargwadon nauyinta. Ƙwayar da kaurinta ya kai na gashin kai, in ta taso daga tsawon kilomita 10, cikin 'yan sa'o'i za ta iso ƙasa. Amma wadda ta gaza ta kauri sau goma, saurin faɗuwarta yakan ragu kusan sau ɗari, har ta yi kamar mako biyu tana shawagi, kuma a cikin mako biyu babu inda iska ba za ta iya kai ta ba a wannan nahiya. Haka nan gubar da ke jikinta ba iri ɗaya ba ce: ayodin 131 yakan rasa rabin ƙarfinsa cikin kwana 8, amma kafin nan ya shiga ciyawa, ya shiga nono, ya taru a maƙogwaron yaro, siziyom 137 da sitirontiyom 90 kuwa sai sun yi wajen shekara 30 kafin su rasa rabin nasu, saboda haka mas'alarsu ta ƙasar noma ce da ta jikoki.

Masu hisabi sun bi hanyoyi daban-daban wajen kintacen wannan tafiya. Hanyar farko, wadda malamin yanayi na Ingila Frank Pasquill ya daidaita ma'auninta a 1961, tana ɗaukar cewa iska na busawa fuska ɗaya da ƙarfi ɗaya a kan ƙasa shimfiɗaɗɗiya, hayaƙi kuma yana baje kamar wutsiyar tsintsiya. Tana da amfani a tazarar kilomita kaɗan, amma ba ta wuce nan. Hanyoyin zamani, irin su HYSPLIT na hukumar yanayi da tekuna ta Amurka da FLEXPART na malaman Turai, sukan saki dubban ƙwayoyi na ƙiyasi a cikin kwamfuta, su bi kowace ɗaya sa'a bayan sa'a, bene bayan bene na sararin sama. Sai dai kwamfutar ba ta ganin iska da idonta. Abin da ma'aunai suka gaya mata shi take ginawa a kai, inda kuwa babu ma'auni sai ta cike gurbin da zato. Don a ga girman abin, kuskuren digiri 5 kacal a fuskar iska, in an ja shi tsawon kilomita 1,700, yakan karkatar da gajimaren kimanin kilomita 150, watau kwatankwacin tazarar da ke tsakanin Ƙaura Namoda da birnin Sakkwato.

Darasin Reggane

Tun kafin a fasa bam ɗin, jama'ar Afirka ta Yamma sun nuna fargabarsu, kuma hujjarsu ita ce iskar hunturu, wadda kowane manomi ya san daga hamada take zuwa. Babban Zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ya roƙi Faransa, a Nuwamba 1959, da ta janye. Ba ta janye ba, ta kafa hujja da cewa wurin ba kowa, kuma za a jira iskar da za ta kai ƙurar cikin yashin da ba mai zama. Bayan na farko ta fasa na biyu ranar 1 ga Afrilu 1960, na uku ranar 27 ga Disamba 1960, wanda a dalilinsa gwamnatin Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa, wata uku kacal da samun mulkin kai, ta yanke hulɗar jakadanci da Faransa ranar 5 ga Janairu 1961, ta sallami jakadan Faransa Raymond Offroy, ta hana jiragenta na sama da na ruwa sauka Nijeriya. Ina ganin wannan mataki yana cikin mafi ƙarfin hali da ƙasar nan ta taɓa ɗauka a siyasar duniya, kuma ya cancanci a riƙa karantar da shi ga ɗalibai. Daga wannan fargaba ce kuma aka kafa sashen kula da kariya daga turirin nukiliya a Jami'ar Ibadan a 1964.

Abin da ya fi jan hankalin mai nazarin iska shi ne wata taswirar rundunar sojan Faransa, wadda aka ɓoye fiye da shekara hamsin, sai a 2013 aka fid da ita daga sirri, jaridar Le Parisien ta buga ta a Fabrairu 2014. Taswirar ta nuna cewa gajimaren bam ɗin farko bai miƙo kudu sak ba: ya bi ta Tamanrasset, ya gangara wajen Fort-Lamy, wato Injamena ta yau, da Bangui, sa'an nan ya juyo yamma har ya kai Bamako cikin kwana huɗu, kafin mako biyu su cika kuma wani sashensa ya taɓa gaɓar Sifen da tsibirin Sisili. To, duk wanda ya buɗe taswirar duniya zai ga cewa Injamena da Ƙaura Namoda da Bamako kusan layi ɗaya suke, tsakanin digiri 12 da 13 arewa da tsakiyar duniya; saboda haka, bisa ƙiyasi mai ƙarfi, iskar da ta ɗauki ƙura daga ta farko zuwa ta ƙarshe ba ta da hanyar da ta fi ta samaniyar ƙasar Hausa kusa.

Sirrin wannan zagaye shi ne sararin sama benaye ne, kowane bene da iskarsa. A lokacin hunturu, iskar da ke can ƙololuwa a kan hamada daga yamma take busowa zuwa gabas, da ƙarfi ƙwarai, alhali wadda ke ƙasa, wadda muke ji a jikinmu, daga arewa maso gabas take zuwa. Ƙwayar da aka cilla sama a Reggane, wanda ke arewa maso yamma da mu, sai ta fara tafiya gabas a benen sama, tana saukowa sannu a hankali, har ta faɗo cikin benen ƙasa, shi kuma ya kwaso ta ya dawo da ita yamma. Mai lissafin da ya dogara da ma'aunin iskar da ke kan rufin ofis kaɗai zai ce Reggane ba ta kan hanyarmu. Wanda ya dogara da iskar sama kaɗai zai ce ƙurar ta tafi Libiya da Masar. Kowannensu ya riƙe rabin gaskiya, jama'a kuma su ne za su biya kuɗin ɗaya rabin. Wannan ba a Afirka kaɗai ya faru ba. Ranar 1 ga Maris 1954, a tsibirin Bikini, Amurka ta fasa bam ɗin da ya ba da megaton 15, fiye da ninki biyu na abin da aka lissafa, iskar sama kuma ta karkata gabas, toka ta zuba kan mutanen tsibirin Rongelap da kan wani jirgin masunta na Japan mai mutum 23, ɗaya daga cikinsu ya rasu cikin watannin da suka biyo. A Aljeriya kuma, ranar 1 ga Mayu 1962, a In Ekker cikin duwatsun Hoggar, gwajin da Faransa ta yi a cikin rami ya ɓalle, iska ta kai gajimaren kan masu kallo, har da ministoci biyu, Pierre Messmer da Gaston Palewski.

Ƙasar da ƙurar ke sauka a kanta

Shimfiɗar ƙasa tana aiki tun daga nesa. Mafi yawan hazon da ke rufe mana rana daga kwarin Bodélé yake tasowa, a arewacin Cadi, inda tsohon tafki ya ƙafe ya bar gari mai laushi, kuma abin da ya sa iska ke da ƙarfi a wurin shi ne tana matsewa tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi, kamar yadda ruwa ke ƙara gudu in ya shiga ƙunci. Tsarin lissafin da bai zana waɗannan duwatsu daidai ba zai raunana iskar, ya jinkirta isowar ƙurar, ya kuma sauke ta inda ba nan za ta sauka ba.

Idan muka dawo gida, baƙo zai ce arewacin Zamfara fili ne bai ɗaya, amma mai noma a cikinsa ya san ba haka ba ne. Gulbin Gagare, wanda ya ratsa ta Ƙaura Namoda, da gulbin Bunsuru, wanda ya biyo ta ƙasar Zurmi, dukansu sun nufi arewa maso yamma, ruwansu ya zuba cikin gulbin Rima bayan sun shayar da fadamun wajen Shinkafi da Isa. Ta kudu da gabas akwai tsohon dutse da tsaunuka jefi-jefi, ga kuma dazuzzukan da suka haɗe da dajin Rugu ta wajen iyakar Katsina. Ta arewa kuwa ƙasa ta kwanta, jigawa ta yi yawa. Duk wanda ya taɓa fita da asuba cikin ɗari ya dubi kwarin Gagare ya ga yadda hayaƙin girki ke kwanciya a kan gulbi kamar an shimfiɗa farin mayafi, ba ya tashi sai hantsi ya ɗaga. Dalili kuwa, da dare ƙasa kan huce, iska mai sanyi mai nauyi ta gangara kwari ta zauna, mai ɗumi ta rufe ta daga sama kamar murfin tukunya, duk abin da ke ciki kuma ya tsaya cik. Da hantsi murfin kan buɗe, iskar da ta kwana tana gudu a 'yan ɗaruruwan mita sama da mu ta sauko gaba ɗaya, buji ya tashi. Ma'anar wannan ita ce yawan ƙurar da mutum zai shaƙa ya danganta da ko a kwari yake ko a tudu, da kuma sa'ar da ya fito. Alhali manyan tsare-tsaren hasashen yanayi na duniya sun yanka ƙasa gida-gida, kowane gida faɗinsa daga kilomita 9 zuwa fiye da 20, ta yadda fadama da tudun da ke kanta da ƙauyukan da ke tsakani duk sukan narke su zama lamba ɗaya.

Damina kuma tana da nata hukunci, wanda a ganina ya fi na hunturu haɗari. Ruwan sama yana wanke ƙura daga sama ya tara ta wuri ɗaya. Bayan fashewar tashar nukiliya ta Chernobyl ranar 26 ga Afrilu 1986, gajimaren ya ratsa Turai, amma inda ya yi ɓarna mai ɗorewa a Birtaniya shi ne tsaunukan Cumbria da na Wales, domin a nan ya haɗu da ruwa. A Fukushima ta Japan, bayan hatsarin tashar nukiliyarta, ranar 15 ga Maris 2011, iska ta juya arewa maso yamma ta bi kwaruruka, ruwa da dusar ƙanƙara suka sauke gubar a ƙauyen Iitate, mai nisan kusan kilomita 40, wajen da'irar kilomita 20 da aka zana don kwashe jama'a. Wasu mutanen garin Namie ma, da suka gudu, hanyar gajimaren suka bi, saboda sakamakon tsarin kintace na SPEEDI bai kai gare su kan lokaci ba. Da'ira ce aka zana, iska kuwa ba ta san da'ira ba. To, in haka ya faru a ƙasar da ke cike da ma'aunai, yaya namu ruwan, wanda hadarinsa ke tasowa daga gabas, holoƙo na gaba yana kwashe ƙurar gonaki, ya zuba a Moriki har korama ta kawo, alhali a Zurmi ko ɗigo ba a gani ba? Wurin da irin wannan hadari ya sauke kayansa zai iya ɗaukar guba ninkin-ba-ninkin abin da maƙwabcinsa ya samu, kuma ba mai iya gano shi sai da ma'aunin ruwa a ƙauyuka masu yawa.

Bayan saukar ƙura sai hukuncin ƙasar kanta. A Cumbria masana sun ce wa makiyaya takunkumin sayar da tumaki na 'yan makonni ne, domin sun yi ƙiyasi da ƙasa mai laka, wadda ke kama siziyom ta riƙe. Ashe ƙasar tsaunin mai tsami ce, mai ruɓaɓɓen ganye, tana mayar da shi cikin ciyawa kowace shekara, har takunkumin ƙarshe bai tashi ba sai 2012, bayan shekara 26. Mu tamu ƙasar iri biyu ce. Jigawa, inda ake gero da wake, ba ta da laka kuma ba ta da wadatar sinadarin fotash, shuka kuwa in ta rasa fotash takan zuƙi siziyom a madadinsa, domin kama suke yi. An tabbatar da haka a Bikini, inda zuba takin fotash ya rage gubar da ke shiga kwakwa. Fadama kuwa lakarta za ta riƙe gubar, amma ita ce matattarar duk abin da ruwan farko ya wanko daga tudu, a nan ake shinkafa da albasa da tumatir, a nan shanu ke kiwon rani, ragowar laka kuma ta gangara ta kwanta bayan madatsar Goronyo. Ga kuma gonakin da aka girbe suka zama fili tsirara daga kaka har bazara, inda kowace guguwa za ta sake tayar da abin da ya riga ya kwanta.

A nan ba sai mun je wata ƙasa neman misali ba. A 2010, gubar dalma daga niƙan dutsen zinariya ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, a cikin wannan jiha tamu. Dalma ba nukiliya ba ce, amma hanyar ɗaya ce: ƙura a tsakar gida, yaro yana rarrafe, hannu daga ƙasa zuwa baki, hatsi a shanye, rijiya a buɗe, maganin da aka yi kuwa shi ne kankare saman ƙasar gidaje a zuba sabuwa. Lissafin da aka gina a kan rayuwar mutumin da ke wuni cikin ɗaki mai gilashi, yana shan ruwan famfo da madarar kanti, ba zai faɗi gaskiyar abin da zai sami mai kwana waje da bazara, mai shan fura da nonon da aka tatso da safen nan ba. Ko da yake, don a yi adalci, katangar ƙasa mai kauri da rufin soro suna tare turiri fiye da ɗakin kwano ko na kara, wannan ma abin shigarwa ne cikin hisabi.

Wajibi ne in faɗa, don kada a ɗauka tsoratarwa na zo yi, cewa ƙarfin turirin sabuwar ƙura yana raguwa da sauri: duk lokacin da zamani ya ninka sau bakwai, yakan ragu kusan sau goma, don haka abin da ya iso bayan kwana uku ko huɗu ya yi nesa da abin da ya zuba kan makiyayan da ke kusa da Reggane. Binciken da aka buga a 2025 kan ƙurar Sahara da ta rufe Turai a Maris 2022 ya sami gubar ƙasa ƙwarai da matakin cutarwa, tambarinta kuma ya fi kama da na gwaje-gwajen Amurka da Tarayyar Sobiyat da suka game duniya. Hazon bana, ke nan, ba abin firgita ba ne ta wannan fuska. Abin da ke damuna shi ne gobe, domin duniya ba ta ajiye makamanta ba, Masar tana gina tashar nukiliya ta El Dabaa tun 2022, Nijeriya ta ware Geregu da Itu don nata tashoshin, maƙwabciyarmu Nijar kuma tana haƙar yuraniyom a Arlit tun 1971.

Giɓin ma'auni

Iskar benayen sama ana auna ta ne da balan-balan mai ɗauke da na'ura, wanda ƙa'ida ta ce a saki sau biyu a yini, kuma Afirka ce nahiyar da ta fi kowace ƙarancin wannan aiki. An daɗe ana ambaton cewa yawan tashoshin yanayinta kashi ɗaya ne cikin takwas na mafi ƙarancin abin da Hukumar Yanayi ta Duniya ta shar'anta. Tauraron ɗan'adam yana taimakawa, yana ganin hazo daga sama, amma ba ya bambance iskar da ke kwance a kwarin Bunsuru da asuba. Manyan tashoshin da suka kewaye mu suna Gusau da Sakkwato da Katsina da Maraɗi, tsakaninsu kuwa ƙasa ce mai faɗi, wadda rashin tsaron shekarun nan ya ƙara wahalar shigarta, har manomi bai kai ga gonarsa ba balle mai ɗaukar samfurin ƙasa.

Duk da haka kayan aikin ba su gagara ba. Akwai Hukumar Hasashen Yanayi ta Ƙasa, akwai Hukumar Kula da Harkokin Nukiliya da dokar 1995 ta kafa, akwai Cibiyar Binciken Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, wadda ke da ƙaramin injin nukiliya na bincike tun 2004 da na'urorin da ke iya gane siziyom a cikin ɗan cokalin ƙasa, a Yamai kuma akwai cibiyoyin AGRHYMET da ACMAD masu tattara bayanan yanayin Sahel. A nan Ƙaura Namoda akwai Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya tun 1983, mai malamai da ɗaliban safiyo da na injiniya. Shawarata, wadda nake ganin tana cikin babin farillar da in wasu suka yi ta sauka daga kan saura, ita ce wannan kwaleji ta zama mazaunin tasha mai auna iska da ƙura da ruwa dare da rana, a kuma raba ma'aunin ruwan sama ga makarantun ƙauyukan Shinkafi da Zurmi, domin gwangwani ne mai awo wanda ɗan firamare zai iya karantawa ya rubuta a littafi. Kafin wannan ma, a ɗebi ƙasa daga jigawa da fadama da gindin tafkuna, tun daga Kasuwar Daji har bakin iyaka, a kai Zariya a auna siziyom ɗin da ya rage daga gwaje-gwajen ƙarnin da ya wuce. Shekara 60 da 'yan kai sun rage shi zuwa ƙasa da rubu'in yadda ya sauka, amma har yanzu na'ura tana ganinsa, kuma yadda ya rarrabu tsakanin tudu da kwari zai nuna mana, da shaidar ƙasarmu, inda iska da ruwa ke tara abin da ya faɗo daga sama.